Wasiƙun da Inna Ta Ɗinke

Inna Mai Keke ba ta yarda da gam ba, ba ta yarda da fil ba. Shekara talatin tana ɗinki, kuma a wajenta duk abin da bai sha zare ba bai zauna ba. In ka daɗe a ɗakinta, kai ma sai ta haɗa ka da kujera ta ɗinke.

Da aka tsare ɗanta Dogo yana jiran shari'a, matarsa na da tsohon ciki. Gidan yarin da nisa, gwiwar Inna kuma ta daɗe da yin ritaya. Ana haihuwa ta sa aka ɗauki jaririya hoto, ta rubuta wasiƙa, mai jego ta ƙara layi biyu. Ta ɗora hoton a kan takardar, ta taka keke ta zagaye gefe huɗu don kar ya faɗi. Gidansu ba lamba, sai ta sa adireshin shagon yayanta mai sayar da fenti don a aiko amsa can.

Duk mako biyu sai ta aika. Amsa shiru.

"Yaya, ba abin da ya zo?"

"Babu. Ɗan naki ko a makaranta sunansa kawai yake rubutawa ya huta."

A wata na bakwai wani mai walda da suka zauna ɗaki ɗaya da Dogo ya fito, ya zo gaishe ta.

"Inna, ya ce bai yi fushi ba. Ya san ya ba ki kunya, shi ya sa kika share shi. Abu ɗaya yake roƙo: mace aka haifa ko namiji?"

Inna ta ɗauke ƙafa daga keke. "Wasiƙa sha huɗu na aika."

Mai walda ya leƙa wadda ke ƙarƙashin allura. "Haka kike aikawa? Ai ba sa karɓar takarda mai ɗinki, kar a ɓoye wani abu a tsakani. Mayarwa suke yi."

Ranar gwiwa ta dawo aiki. Inna ta faɗa shagon ba sallama, ta birkita bayan kantar Yaya. A cikin tsohon gwangwanin fenti ta sami wasiƙun, kowace da jan hatimin gidan yari, an rubuta dalili a ƙasa.

"Ke, ki fahimta," in ji Yaya. "A gaban masu saye ake miƙo min wannan hatimin. Na ce in kin ji shiru za ki gaji ki bari."

"Ka karanta dalilin?"

"Na karanta."

"Tun ta farko?"

Yaya ya kama goge kantar da ba datti.

"Zare ne fa, Yaya. Da ka ce min zare, shi ke nan. Yarinya ta yi haƙora biyu, ubanta na can yana tambayar ko mace ce."

Ta rungumi gwangwanin ta nufi ƙofa.

"Tsaya in ba ki leda."

"Bar shi. Haka zan bi ta tsakiyar layinku, kowa ya ga hatimin."