Mai Rassa Goma Sha Huɗu

A ofis Mai Rassa ake kiransa, matarsa ma haka take ce masa in ranta ya ɓaci. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana riƙe da manhajar da asibitoci ke rubuta magani da ita. Da farko guda ɗaya ce tal. Sai wannan asibiti ya ce a ƙara masa shafi, wancan ya ce a cire, shi kuwa manaja bakinsa bai iya a'a ba. Kowa ya zo, sai manaja ya ce, "Kwafa masa tasa." Kafin ka ce kwabo manhaja ta yi rassa goma sha huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, kowanne da mugun halinsa.

In kuskure ya ɓullo a reshe ɗaya, sai ya bi sauran bi da bi, yana gyarawa yana soke suna a takardar da ya manna a bango. Ba wanda ya san bambancinsu sai shi, shi ya sa hutu ya gagare shi. Jikarsa ta fari tana can nesa, tafiyar kwana biyu a mota, tun da aka haife ta a waya kawai yake ganinta. Bawan Allah ya gaji, wallahi ya gaji.

Shekara biyu ya kwashe yana haɗe rassan su koma gindi ɗaya, kowane asibiti a kunna masa abin da yake so, a kashe sauran. Ranar da ya gama ya yage takardar, ya kira matarsa.

"Haɗa kaya mu je ganin jika, wannan karon da gaske ne."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai," in ji ta.

Da rana sai ga manaja, baki har kunne. "Babban yaya, mun samu asibitin yara! Lissafin maganinsu daban ne. Kwafa musu tasu, na ɗan lokaci ne."

"Na ɗan lokaci! Reshe na uku ma haka ka ce, yau shekararsa tara."

"Na riga na sa hannu."

Ya so ya ɗauki jakarsa ya fice. Amma maganin yara ne, in wani ya kwafa ya yi kuskure fa? Ya jawo sabuwar takarda, ya rubuta ɗaya, ya rubuta biyu, ya manna a inda tsohuwar take.

Da yamma ya kira 'yarsa ya ba ta haƙuri.

"Ba komai, Baba," ta ce tana dariya. "Ka san jikarka ta fara magana? Duk wayar da ta gani, ko ta mai shago ce, sai ta nuna ta ce Kaka."

Shi dai bai yi dariya ba. A bayansa matarsa na fito da kaya daga akwati, tana mayarwa cikin durowa.