Na Goge Muryar Malam, Na Bar 'Yarsa da Laifi

A lokacin da wannan abu ya faru, shekarata biyu da aure, muna haya a wani gida a Malali. Na yi ɗan kwas na kwamfuta bayan sakandare, mijina kuma ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa ta cinya. Da wannan ɗan ilimi na zama mai gyaran waya ta matan layinmu. Mata da yawa ba sa son kai wayarsu wurin masu gyara a kasuwa saboda hotunansu na cikin gida, don haka wurina suke zuwa. Suka sa mini suna Injiniya, ni kuwa kaina ya kumbura. Ban taɓa buɗe baki na ce wa kowa ban iya ba. Abin da ban sani ba sai na kalli bidiyo ɗaya, na gwada a kan wayar mutane.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta malami ne mai karantar da littattafai a zaure, ya rasu kafin mu tare a unguwar. A shekarunsa na ƙarshe ɗalibansa sun riƙa ɗaukar karatunsa da waya, bayan rasuwarsa suka tattara abin da suka samu, babbar 'yarsa da ke aure a Kinkinau ta sayi memori aka zuba wa Inna. Kullum da hantsi, in ta gama shara, sai ta kunna ta ajiye wayar a kan tabarma. Ta katanga nake jin muryarsa yana fassara, yana tari, wani lokaci yana tsawata wa ɗalibin da ya yi gyangyaɗi, Inna tana dariya ita kaɗai.

Wata rana ta shigo da wayar, ta ce jikokinta sun turo saƙon murya ya ƙi buɗewa, wayar kuma kullum sai ta ce ta cika. Na duba na ga cikin wayar ne ya cika, memorin kuwa akwai fili sosai. Da na share tarkace kawai da an wuce wurin. Amma a makon na kalli yadda ake raba memori gida biyu, gida ɗaya na ajiya, ɗayan kuma a mayar da manhajoji cikinsa, kuma ina neman inda zan gwada. Na ce ta bar mini ita zuwa la'asar. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "'Yar nan, ki kula mini da Malam." Na ce kada ta damu.

Na san raba memori yana goge komai, don haka na fara kwafe kayan zuwa kwamfuta. Ana cikin yi wani gargaɗi ya fito da Turanci. Ina sauri zan duba tukunya, ban karanta ba na danna ya ɓace. Da na dawo na ga jakar ajiyar da na buɗe a kwamfutar tana nan da sunayen abubuwa a ciki, sai na ɗauka an gama. Na shiga aikin rabawa, kwamfuta ta ƙi, ta ce memorin a kulle yake. Na yi ta bincike har na gano ɗan makullin da ke gefen gidan da ake sa memori ne ya zame. Na mayar da shi na manne da salatif, ina jin daɗin wayona. Aka raba. Na sa a waya, waya ta ce memorin ya lalace. Na cire, na ga ashe ban zaɓi irin tsarin da waya ke ganewa ba. Na sake gogewa na sake rabawa, har sau uku, kafin ta karɓa. Don in tabbatar yana aiki, na zuba masa bidiyoyin girki da na bukukuwa har ya kusa cika.

Sai da na zo mayar da kayan Inna na buɗe jakar nan da kyau. Hotuna ne 'yan kaɗan, sai jakar karatun Malam, sunanta na nan amma babu komai a ciki. Na buɗe na rufe ya fi sau goma. Da la'asar ta yi na ce mata aikin bai ƙare ba, washegari na hau keke na tafi wurin wani mai gyara a Doka. Ya tambaye ni duk abin da na yi, na faɗa masa kaina a ƙasa. Ya ce da na tsaya tun gogewar farko, da akwai yiwuwar a dawo da mafi yawa, amma bidiyoyin da na zuba sun hau kan wurin. Ya gwada duk da haka, bai samo komai ba sai bidiyoyina.

A hanyar dawowa na shirya ƙaryar. Na ce wa Inna memorin jabu ne, irin na araha da ke mutuwa ba zato, kuma ko ban taɓa shi ba dama ya kusa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta karɓi wayar ta tambaye ni sau biyu ko babu ko guda ɗaya da ya rage, na ce babu. Abin da ban lissafa ba shi ne wadda ta sayi memorin. Inna ta kira 'yarta ta ce ta yi wa mahaifinta rowa har bayan ransa. Mijin 'yar ya je ya yi wa mai shagon da ya sayar musu rashin mutunci a gaban mutane. Aka nemi ɗaliban, wannan ya ce wayarsa ta faɗa ruwa, wancan ya ce tun da aka tattara wa Inna ya share nasa. Uwa da 'ya suka yi kusan wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Ni kuwa mata na ta yabona, wai ni na gano jabun, har ana kawo mini memori in duba.

Rannan 'yar da kanta ta yi sallama a ɗakina. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ta zauna a ƙasa ta ce ta zo in koya mata yadda ake gane na jabu, don kada ta sake cutar da wani. Ta ce ba ta iya barci in ta tuna ita ce sanadi. Tana magana tana share ido da gefen mayafi. Na fara yi mata bayanin ƙarya, sai na katse maganar. Na ce ta tashi mu je wurin Inna.

A tsakar gida na durƙusa na faɗi komai, tun daga gargaɗin da ban karanta ba har zuwa abin da mai gyara ya ce. Inna ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Da kin faɗa mini gaskiya tun ranar, da kuka ɗaya zan yi. Kin sa na yi biyu." Ta juya ta kama hannun 'yarta ta roƙe ta gafara, uwa tana roƙon 'ya, saboda ni. Daga baya ta ce ta yafe mini duniya da lahira, kuma na yarda ta yafe, don har muka bar unguwar ba ta daina aiko mini da tuwo ba. 'Yar dai ba ta sake shiga ɗakina ba, ban kuma ga laifinta ba. Mijina ya raka ni wurin mai shagon na ba shi haƙuri, ya ce ya ji, amma waɗanda suka ga an ci masa mutunci ba su nan.

Na rubuto wannan ne don masu irin halina na da. In za ku taɓa memorin wani, ku kwafe kayansa wuri biyu, ku buɗe ku saurara da kunnenku kafin ku goge komai. In gargaɗi ya fito, ku karanta. In kuskure ya auku, ku cire hannu nan take, kada ku zuba komai a kai, ku nemi wanda ya fi ku sani. Cewa "ban iya ba" ba ta taɓa kashe kowa ba. Gogewar kuskure ce, na yi ta cikin rashin sani. Ƙaryar kuwa da hankalina na zauna na shirya ta, kuma ita ce har yau nake jin kunyarta in na ɗaga hannu zan yi addu'a.