Shozo, Motarsa da Kifin Surukai

Ebitani Shozo ɗan masunta ne na garin Himi da ke bakin teku, amma teku ba ta taɓa karɓarsa ba. Sau uku ubansa ya fita da shi a jirgi yana ɗan shekara goma sha biyar, sau uku aka dawo da shi kwance kan raga yana kelaya amai. A na huɗu uban ya dube shi a bakin gaɓa ya ce, "Je ka nemi abin da ba ya rawa." Abin da ya kai shi tuƙin bas ke nan.

Shekara talatin da takwas ya yi a kan hanya ɗaya: daga tashar jirgin ƙasa zuwa asibiti, daga asibiti zuwa kasuwar kifi, sannan ya hau tudu zuwa ƙauyukan bayan gari, ya juyo. Farar safar hannu, hula zaune daram. Bai taɓa goga bas ɗin da ko turken hanya ba. Tsofaffin mata kan ce in Shozo ke tuƙi za ka ɗora kwanon miya a cinya har ka sauka bai zuba ba. 'Yan makaranta kuwa Kunkuru suka sa masa, don ko an makara ba ya ƙara wuta.

To, mutumin nan ne, sati uku da yin ritaya, ya shigo layinsu cikin wata mota ruwan ƙwai mai kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa kwalta, kukanta na girgiza tagogin maƙwabta. Ta hannu ce, ya saye ta wajen wani likitan haƙori na Shizuoka, can inda ƙanƙara ba ta cika sauka ba. Matarsa Fusae ta fito da ludayi a hannu, ta zagaye motar sau ɗaya, ta leƙa ciki.

"Baban Kaoru, ina sauran ta?"

"Sauran me?"

"Sauran motar mana. Ko rabi suka sayar maka?"

Ya ce tun yana saurayi yake son irinta. Ta ce shekara talatin da biyar suna tare bai taɓa faɗa ba. Ya ce ai ba ta tambaya ba. Ta koma kicin tana dariya, ta bar shi yana goge madubi da hannun riga.

Duk bazarar nan da kaka, kullum da hantsi sai ya bi bakin teku da ita ya dawo. Gudun ma dai na bas ne, kuka ne kawai ya ƙaru. Abin da ya fi ƙauna a jikinta su ne tayoyin baya, masu faɗi kamar turmi, da ƙarafunansu masu sheƙi. Yakan tsuguna ya wanke su da burushin haƙori.

A wannan shekarar 'yarsu Kaoru ta yi aure a Takayama, can bayan duwatsu. Kowa ya san abin da ke kan iyayen amarya a ƙarshen shekarar farko: a kai wa surukai kifin nan da ake kira buri, guda ɗaya, babba, wanda ba a yanka ba. Da watan Nuwamba ya ƙare, aka fara tsawar nan da masunta ke murna da ita don ita ke nuna kifin ya iso, Fusae ta ce a ba masu kai saƙo kifin, ko kuma su tafi a ƙaramar motarta da tuni aka sa wa tayoyin sanyi.

"Da tawa za mu," in ji Shozo.

"Da waɗannan takalman rawan nata? Je ka wajen Kihachi mai taya ya canja maka."

"Tayoyin nan sababbi ne fil. Kuma ni za a koya wa tuƙi a ƙanƙara?"

Gaskiyar magana, a kamfanin bas bakanikai ke canja taya tun kafin direba ya iso, Shozo bai taɓa zaɓen taya da kansa ba. Kuma ya san abin da Kihachi zai ce: a cire masu faɗin nan.

Ranar Talata da safe dusar ƙanƙara ta sauko, irin tamu ta bakin teku, jiƙaƙƙiya mai nauyi, rabi ƙanƙara rabi ruwa, wadda ke zama kamar kunu a kan kwalta. Shozo ya ce bari ya gwada motar a tudun bayan gari don ya rufe bakin Fusae. Rabin hawan lafiya lau. A kwanar da ke gaban wurin ibada ya ɗan taɓa totur, sai bayan motar ya ce ba da shi ba. Motar ta juya a hankali, cikin ladabi, kamar mai gaishe da jama'a, ta tsaya a gicciye, hancinta na kallon gonar shinkafa. Ya sa giya, tayoyi suka yi ta wulwulawa a wuri guda suna watsa ruwa.

Yana cikin haka ya ji hon ɗin da ya fi sani a duniya. Bas ɗin ƙarfe takwas da minti goma ne, nasa na da. Matar da ta gaje shi a hanyar, Sawaki, wadda shi ya koya mata aikin, ta tsaya ta sauke gilashi.

"Ebitani-san, barka da asuba! Sabuwar tasha ka buɗe mana?"

Fuskoki suka cika tagogi, kuma babu wadda bai sani ba. Tsohuwa Tome, mai shekara tamanin da huɗu, wadda ya kai asibiti duk Talata tsawon shekara ashirin, ta buga gilashi da kan lemarta tana cewa, "Ashe Kunkuru ya iya rawa!" Maza huɗu suka sauko suka tura shi gefe, Sawaki ta ba shi buhun yashi daga cikin bas. Da suka tashi, duk suka yi ta ɗaga masa hannu. Shi kuwa ya tsaya a cikin ruwan ƙanƙara ya rusuna wa bas ɗin har ya ɓace, kunnuwansa ja wur.

Kafin azahar ya kai ga shagon Nunome Kihachi, a bayan motar ja. Tun ajin farko na firamare suke tare, kuma labarin ya riga shi isowa.

"Sho-chan! Shigo, shigo. An ce yau ka yi wa gonar Yamagishi gaisuwar ban-girma."

"Ka sa min taya ka yi shiru."

"Zauna tukuna, tsohon banza."

Kihachi ya buɗe firijin da yake ajiye abincin ranarsa, ya tura kwanon shinkafa gefe, ya ɗauko yankan robar taya guda uku. Ya miƙa masa na farko. "Danna da farce." Shozo ya danna, kamar ya danna katako. "Irin taka ke nan. A zafi tana kama hanya kamar danƙo. Sanyi na sauka, tun kafin ma ƙanƙara ta zo, sai ta sandare. Likitanka na Shizuoka bai taɓa ganin farar safiya ba, me ya dame shi?"

Na biyu laushi gare shi kamar mochi, tuwon shinkafar nan mai danƙo, duk jikinsa ƙananan tsage-tsage. "Wannan ta ƙanƙarar da ta daskare ce. A hanyar dutse ba ta da na biyu. Amma a jiƙaƙƙiyar kwalta, in ka taka burki, sai ta ɗan ƙara tafiya kafin ta tsaya, kuma a kwana za ka ji motar na lilo kamar jirgin babanka."

"Kar ka sako babana."

"Na uku kuma tsaka-tsaki ce, an yi ta don ruwa da sanyi da gudu. A nan bakin teku ita ce sarauniya. A kan ƙanƙara mai sulɓi kuwa ba ta kai waccan ba. To, ina za ka da motar?"

Shozo ya ce Takayama, kai kifi.

"Da wa?"

"Da Fusae."

Kihachi ya mayar da na ukun cikin firiji, ya ajiye mai laushin a gabansa. "Shi ke nan. Da kai kaɗai ne kana yawon bakin teku, da waccan zan ba ka. Hanyar dutse da safe, ga inuwa, ga gadoji, ga matar mutane a gefe, wannan za ka sa. Lilon kuwa ba zai dame ka ba, ai sai mai gudu ke jin sa, kai kuwa mun san ka."

Daga nan aka shiga rigimar gaske. Shozo ya ce to a sa a baya kawai, tunda baya ke tura motar. Kihachi ya ce in ya yi haka baya zai kama hanya gaba ya tafi yawonsa. Huɗu ko babu. Shozo ya ce to a ba shi masu faɗi irin na da. Kihachi ya ce mai faɗi hawa kan kunun ƙanƙara take yi ta yi iyo, siririya ce ke yanka shi ta taɓa ƙasa. Suka gwada ƙarafunan taya na gama-gari, suka ƙi shiga, don burkin motar ƙato ne. Kihachi ya hau bene ya yi ta haƙilo, ya sauko da wasu baƙaƙe guda huɗu, marasa ado ko kaɗan, suka zauna cif.

Da aka sauke motar daga jak, Shozo ya ja da baya ya dube ta, ya yi tagumi.

"Kamar amarya da takalmin zuwa gona."

"Amaryar da za ta kai gidan miji dai," in ji Kihachi. Ya nuna masa lambar da ke gefen tayar don ya ga ta bana ce, ya ce ya yi kwana biyu yana yawo a hankali kafin tafiyar, sabuwar roba na da santsi a fuska. Sannan ya raba masa shinkafarsa biyu, suka ci a tsaye.

Ranar ashirin da uku ga Disamba Shozo ya zaɓi kifi a kasuwa, kilo goma sha ɗaya, mai ƙiba, bayansa na ƙyalli. Nan aka gano abin da ba wanda ya yi tunani: akwatinsa ba ya shiga but. Aka juya shi ta kowace fuska, ya ƙi. Ƙarshe dai aka naɗe kifin cikin leda da ƙanƙara da tsohon bargo, Fusae ta zauna aka ɗora mata shi a jiki, wutsiya a wajen ƙafafunta, kai a kafaɗarta.

"Yana kallona, Baban Kaoru."

"Juya shi."

"In na juya shi kai zai kalla. Tuƙa kawai."

Suka bar ruwan bakin teku, suka bi kogi suna hawa. Kunu ya koma fari, farin ya daskare ya yi ƙyalli a kan gadoji. A kowace kwana Shozo na jira bayan motar ya zame, bai zame ba. Tayoyin suka riƙa kama hanya da wani ɗan ƙara mai daɗi, kamar ana tauna kokwamba. Wajen rabin tafiya sai ya ji kafaɗunsa sun sauka, har ya fara yin waƙa ƙasa-ƙasa. Fusae ta ce shekara nawa rabon da ta ji muryar nan. Ya ji kunya, amma ya ci gaba da waƙarsa.

A Takayama Kaoru ce ta fito da gudu, ta ga uwarta rungume da kifi, ta durƙushe a ƙofar gida don dariya. Uban mijinta, Horanaka, tsohon kafinta ne mai ƙarancin magana. Ya karɓi kifin da hannu biyu, ya yi godiya yadda ya kamata, ya miƙa wa matarsa, sannan ya tsuguna gefen motar ya shafa zanen tayar da yatsa.

"Wa ya zaɓa maka waɗannan? Mutumin ya san aikinsa."

"Ni da wani abokina muka yi shawara," in ji Shozo. Fusae ta yi tari.

Aka yanka kifin, aka ci wani ɗanye wani gasasshe, aka naɗe musu ɓari guda su koma da shi kamar yadda aka saba. Horanaka ya fito da giyar shinkafar garinsu, Shozo ya ce ƙoƙo ɗaya kawai don girmamawa, ya zama uku. Da la'asar ta yi, Fusae ta miƙa hannu.

"Makulli."

"Ke? Motar nan ba irin taki ba ce. Giya shida gare ta."

"Kafin in aure ka wa ke kai kifin babana Kanazawa a babbar mota? Shiga ka riƙe ɓarin kifinka."

Ta gyara kujera, ta gyara madubi, ta tayar da injin ta saurare shi kaɗan. Suka fita daga gari sumul. A gangaren farko ya ce ta rage. A kwana ta biyu ya ce ta lura da gada. A ta uku ta sauke giya, injin ya yi gurnani, motar ta shiga kwanar ta fita kamar an ja ta da zare. Shozo ya ƙanƙame kifin.

"Fusae, a hankali mana!"

"Fasinja ba ya magana da direba, Baban Kaoru."

Tun daga wannan hunturu motar ta zama ta mutum biyu. Shi ke fita da ita Litinin da Alhamis, ita sauran ranakun, kuma ita ce ta koma wajen Kihachi da bazara ta ce a mayar da masu faɗin nan, tana so ta ji yadda suke.