Wakilin Ango a Wurin Awon Jini

Kulu mai kitso maƙwabciyata ce a Ƙofar Marusa, katanga ɗaya ta raba mu. Aure ne ya kawo ta birni daga ƙauye, mijin ya rasu ya bar mata ɗaki guda da wata rediyo da aka ɗaure da roba. Rediyon nan ita ce makarantarta. Tana kitso tana gardama da ita, in mai labarai ya faɗi abin da bai yi mata ba, kan da ke hannunta ne ke shan ja.

Shekarar da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, Kulu ta dangwala yatsa, ta ƙi wanke tawadar har kwana uku don kowa ya gani. A shekarar ne kuma Alhaji Sammani ya fito neman aurenta. Direban babbar mota ne, yana kai hatsi kudu daga Babbar Kasuwa, ga fara'a ga kyauta. Muka ce kakar Kulu ta yanke saƙa.

Sai dai matansa biyu sun rasu a jere, kowacce ta rame ta ƙare, aka ce sammu ne. Ita kuwa Kulu ta ji a rediyo yadda ƙanjamau ke iske mace har cikin ɗakinta, ko zaure ba ta leƙa ba.

"Alhaji," in ji ta, "a yi awon jini tukuna, ni da kai."

"Awon mi? Ni da ke ɗaga buhu da hannu guda?"

Da ya ga ba wasa take ba, ya ce to, ranar Talata.

Ni na raka ta asibiti. Muna zaune a benci sai ga Malam Dabo tela, ƙanen Alhaji, da babbar riga da hula, yana ƙamshin turare, har da goro a leda. Ya gaishe mu tsaf, ya ce Yaya ya tafi Ikko, ya wakilta shi. Ya naɗe hannun riga ya miƙa wa malamar asibiti.

"Kai ne Sammani?"

"Wakilinshi ne. Aurenshi biyu ni na amsa mashi, ba wanda bai ɗauru ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, jinin ai guda ne."

Wallahi da gaske yake, bawan Allah. Malamar ta yi bayani har ta gaji, ya kafe, ta ɗebi jinin don a zauna lafiya. Da sakamako ya fito, nasa lafiya, na Kulu lafiya, ya kawo mata takardar da hannu biyu kamar sadaki.

Kulu ta duba ta sama da ƙasa, ita da ba ta karatun boko.

"Madalla, Malam Dabo. To ɗakin ma kai za ka wakilce shi?"

Dabo ya fita da takalmi a hannu.

Maganar aure ta mutu nan. Unguwa ta yi ca a kan Kulu, wai bazawara ta ɗauki boko ta aza wa kanta. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na ce ta cika tsirfa. Alhaji dai bai taɓa zuwa awon ba, ko yana da ƙanjamau ko ba shi da ita, Allah masani.

Bayan wata biyu ya nemi Safara'u, bazawara mai 'ya'ya uku da ke raɓe a gidan wanta. Wurin Kulu ta zo kitson amarci, ina zaune. Kulu ta kashe rediyo, ta sunkuya ta gaya mata komai a kunne.

Safara'u ba ta ɗago ba.

"Na sani, Yaya Kulu. Ke ɗaki gare ki. Ni in na tambaya ya hwasa, ina zan kai ɗiyan nan?"

Kulu ta gama kitson hawayenta na ɗiga a kan amarya, ni kuma kunyar abin da na faɗa ta hana ni kallon Kulu.