Ƙwarin Kududdufin Bayan Gidanmu

Jiya da aka ɗauke ruwan sama, na tarar da wani baƙin ƙwaro yana iyo a bahon wanki. Na daɗe a tsugune ina kallonsa.

A Yakasai na tashi, da kududdufi a bayan gidanmu. Kakana magini ne, daga ramin nan ya haƙi ƙasar da ya gina rabin layinmu. Ko da na yi wayo idonsa ya riga ya tafi, don haka ni ce 'yar jagora. Da damina, bayan la'asar, sai in ja sandarsa mu zauna a bakin ruwa. Bai damu da kifi ba. Ƙwarin ruwa yake so in duba masa.

Kada ka ɗauka iri ɗaya ne. Akwai ƙanana masu sheƙi da suke ta zagaye a sama ba hutu. Akwai babba mai faffaɗan ƙafafun baya, wanda yakan leƙo da gindinsa ya ɗebi iska ya sake nutsewa. Akwai wani ja-ja mai nawa da yake maƙale a saiwar kainuwa. Kaka yakan ce muddin suna nan, ruwan da ransa.

Wata damina aka karkato kwatocin unguwa ciki, shara da leda suka biyo baya. Ruwan ya yi baƙi. Na leƙa, na kaɗa kainuwa da kara, ban ga komai ba sai tsutsar sauro. Da ya tambaye ni, na kasa faɗa masa. Na ce duk suna nan, har na ƙara da cewa babban ya zo da 'ya'ya.

Ya lalubo kaina ya dafa.

“Amarya, hancina fa bai makance ba,” in ji shi, da sunan tsokanar da yake kirana. “Amma ci gaba. Naki kududdufin ya fi daɗi.”

Na ci gaba, ina share hawaye, har aka kira magariba. Bai ga wata daminar ba.

Yanzu an cike ramin, shaguna ne a jere, ruwan sama kuma da ya rasa wurin zuwa sai ya shiga ɗakunan mutane. Kwanaki na bi ta wurin da autata, na tsaya ina kwatanta mata ƙwarin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi simintin, ta dube ni, ta ce Umma kin iya tatsuniya. Wannan karon gaskiya na faɗa, ba a yarda ba.