Allon Sjoukje

Shekara talatin Wiebe Hoekstra yana gyaran kwamfuta a garin Leeuwarden, kuma magani ɗaya ya sani. Duk wanda ya kawo masa na'ura yana so a ɗora sabuwar babbar manhaja a kan tsohuwa, sai Wiebe ya harare shi ta saman tabarau.

"Kai, fenti za ka shafa a kan danshi? Kwafe kayanka, mu share ta tas, mu sa sabuwa."

Gaskiya yake da ita, abin haushin ke nan. Kwamfuta ɗaya ce ta gagare shi a duk garin, ta matarsa Sjoukje. Allonta a hargitse yake: hotunan jikoki a wannan kusurwa, takardun girki a tsakiya, wasiƙun ƙanwarta birjik kamar an zubar da wake. In ya miƙa hannu sai ta buge shi.

"Tafi can da tsabtarka, tsoho. Ni na san inda komai yake."

Ta rasu a watan Fabrairu. Kullum da safe yakan kunna na'urar, ya ajiye kofi biyu, ya zuba wa hargitsin ido, don nan ne kawai ya rage da sawun hannunta. Da na'urar ta fara gargaɗin cewa tsohuwar manhajar ta daina samun kariya, 'yarsu Femke ta ce, "Baba, aikin minti arba'in ne fa a wurinka."

"Ba zan share ba," in ji shi. "A kai zan ɗora."

Femke ta ƙyale shi.

Ya yi aikin yadda ya saba: ya kwafe kowane fayil sau uku, a wuri uku. Hoton allon ne bai ɗauka ba. Wane mai gyara ne ke ɗaukar hoton shirgi?

Da na'urar ta farfaɗo, ko wasiƙa ɗaya ba ta ɓata ba. Sai dai sabuwar manhajar ta jera komai layi-layi a gefen hagu, tsaf, daidai yadda Wiebe ya yi shekaru yana roƙon matarsa ta yi. Ya yini yana jan wannan nan, yana mayar da wancan can, ba wanda ya zauna daidai.

Da la'asar ya kira Femke.

"Takardar girkin miyar wake, a allon mamanki sama take ko ƙasa?"



"Ban sani ba, Baba. Kai ne kake kallonsa kullum."