Hannun da Ke Tada Ƙullu

Asabar ɗin ƙarshe kafin hutun Kirsimeti, shekarar da nake aji biyar a firamare, rana ba ta gama fitowa ba na isa rumfar Inna sanye da kayan makaranta da na goge da dutsen guga na gawayi. Ranar ce za a kai 'yan ajinmu Yankari, ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa fita daga garin Bauchi ba. Na shafa mai har ina ƙyalli. Inna ta dube ni ta yi dariya, ta ce in matsa nesa da hayaƙi kada in je wa giwaye da ƙaurin itace.

Masa Inna ke soyawa a bakin titi, kusa da gidanmu na Fadaman Mada, kuma da ita ake ci da mu, don ɗinkin Baba sai sallah-sallah. Baƙon da ya kwana a gari zai wuce Yankari, direbansa kan biyo da shi ta wurinmu, wai bai zo Bauchi ba in bai ci masarta ba. Na ga Turawa suna hawaye saboda yajin ƙuli, na ga 'yan Legas suna neman ƙarin miya, na ga ɗalibai cike da mota suna waƙa. In sun dawo da yamma sai su sake tsayawa, suna labarin garken giwaye, da birin da ya fizge wa wata mata jaka, da wani ruwa mai ɗumi garai-garai wanda ake hango yashin ƙasansa. Ni ina juya masa ina kasa kunne. Abin haushin, lokacin baƙi shi ne lokacin hutu. Sa'o'ina na gaɗa da 'yar carafke a ƙofar gida, ni ina tsakanin ɗauko shinkafa a kasuwar Muda Lawal, da layin injin markaɗe, da hura wuta.

Hannuna ne ya ɗaure ni. Masu masa sun yarda ƙullu yana zaɓen hannu: wata in ta dama sai ya tashi ya cika roba, wata kuwa ko yis nawa ta zuba sai ya kwanta. Yayata Talatu irin ta biyun ce, kuma ban taɓa ganin wadda rashin baiwa ya yi wa rana kamarta ba, don da ita ake zuwa kowane biki da kowane hutu gidan kaka. Ni ina ƙarama na tsoma hannu da wasa, washegari ƙullu ya tashi har yana zuba. "Hannun Dije albarka gare shi," haka Inna ke gaya wa duk wanda ya tsaya, ni kuma ina washe baki, ban san ƙofa ake rufe mini ba. Daga nan ni ke damawa da la'asar, kuma kowace roba sai na sake buga ta da hannu kafin ta hau tanda.

Da maganar tafiya ta taso, malamar ajinmu, Malama Rifkatu, ita ta tako har gida ta roƙa mini. Inna ta amince, musamman da yake a wurinta makaranta za ta sayi masar guzuri. Aka shirya in buga robar safe tun da asuba, ta rana kuma Yaya Talatu ta gwada sa'arta.

Motar makaranta ta iso, aka loda masa a kuloli, 'yan ajinmu na kirana ta taga. Na sa ƙafa ɗaya a matakala ke nan sai ga wasu dogayen motoci sun faka, baƙi daga kudu suka yi ta ɓarkowa, kowa da yunwarsa. Robar safe ta ƙare. Inna ta dubi wadda ke rufe, ta dubi Yaya Talatu, sannan ta dube ni. Ba ta hana ni ba. "Je ki, Dije, Allah ya tsare hanya," ta ce, amma muryarta ba ta fita sosai ba. Na ce wa Malama yanzu zan dawo, bugawa kawai zan yi. Na naɗe hannun riga na zurma hannu har gwiwa. Shi kuwa ƙullu ba a yi masa gaggawa, sai ya yi laushi ya fara kumfa. Direba ya yi ta danna oda, Malama ta ba shi haƙuri har ta gaji. Ina durƙushe a gaban roba na ji motar ta tashi. Da na ɗago, ƙawata ce ke ɗaga mini hannu ta gilashin baya, da masarmu a bakinta. Na yi kuka sosai, ina zuba ƙullu a tanda ina kuka, har wata baƙuwa ta ɗauke ni hoto ta ce kayan makaranta sun yi mini kyau. Masar ranar kuma ta fi ta kullum tashi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Yanzu Inna ta tsufa, rumfar ta dawo hannuna, ita ke riƙe da gidana da na Inna. Baƙi ba su kai na da ba, amma ba a rasa su, kuma in suka tambaye ni Yankari nakan kwatanta musu hanya da lokacin da giwaye ke saukowa shan ruwa, su yi godiya su ce lallai ni 'yar gari ce. Har yau ban je ba. Kullum akwai robar da ke jirana. Ina da 'ya, Maryam, tana firamare, tana wanke mini kwanuka tana miƙa wa baƙi miya. Inna ta sha cewa in bar yarinyar ta gwada damawa, ko ta gado ni. Nakan ce mata ai yarinya ce tukuna. Ban taɓa bari ta taɓa ƙullun ba, don tsoro nake ji kada ya tashi.